Adamorobe: Ƙauyen da Aka Hana Kurame Auren Juna

Ina yaro a unguwar Nima, a birnin Accra, akwai wani kurma da ke ɗinki kusa da gidanmu. Mu yara mun ɗauka nune-nune kawai yake yi da hannu. Sai da na girma na gane cewa harshe ne cikakke mai nahawunsa, kuma a Ghana ma ba guda ɗaya ba ne.

Wanda ake koyarwa a makarantu daga Amurka ya samo asali. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, shi ma kurma, shi ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, shekarar samun 'yancin kai. Daga baya makarantar ta koma Mampong, a tsaunukan Akuapem. Aiki ne da ya cancanci yabo, amma da harshen ƙasarsa ya zo.

A gindin waɗannan tsaunuka akwai ƙauyen Adamorobe. Kurumta ta gado ta daɗe a can, har ƙauyen ya ƙirƙiro maganar hannu tasa, wadda masu ji da yawa suka iya, suna ciniki da gaisuwa da faɗa da ita. Victoria Nyst, 'yar ƙasar Holand, ta rubuta kundin digirinta na uku a kanta a 2007, ta nuna yadda harshen Akan na garin ya bar sawunsa a cikinta, har a motsin baki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokar 1975. A shekarar sarkin ƙauyen ya hana kurma ya auri kurma, wai don a rage haihuwar kurame. Wataƙila da kyakkyawar niyya ya yi, amma a ganina an taɓa harshen a jijiyarsa, domin a ɗakin uwa da uba harshe yake rayuwa. Annelies Kusters, mai bincike wadda ita ma kurma ce, ta zauna a ƙauyen, ta tarar ciwon dokar bai bar zukatan dattawansu ba.

Ragowar aikin kuma makaranta ta ƙarasa shi, ba da gangan ba. Yaran Adamorobe kurame a Mampong suke kwana suna karatu, idan suka dawo hutu da harshen makaranta suke hira a tsakaninsu. Tsohuwar maganar ta rage a hannun tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi.