Daga Dala Zuwa Ɗan Kunne: Yadda Maƙerin Azurfa Ke Samun Hannunsa

Ka aiki yaro kasuwar Diffa ka ce ya sayo maka abin dala ashirin, ba zai tsaya tambaya ba, ya san sefa ɗari kake nufi. Amma ka tambaye shi daga ina kalmar dala ta fito, ko ma ka tambayi malaminsa, da wuya ka sami amsa. Dala ta asali wani ƙaton kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya, mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Tereza a gefe guda, da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma saboda yadda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka suka amince da kuɗin, aka ci gaba da buga shi shekara da shekaru ba tare da an sauya wannan shekara ta 1780 da ke jikinsa ba. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari na jikinsa kuwa azurfa ce tsantsa.

Na soma da dala ne domin da yawa daga cikinsu ba su ƙare a aljihu ba, a wutar maƙera suka ƙare. Su ne suka koma awarwaro da zobe da 'yan kunnen kakanninmu. Kuma tarihinsu yana da amsar wata tambaya da ke damun iyaye da malamai a yau. Idan yaro ya nuna sha'awar ƙira, me zai ƙera? Ya tsaya ga abin da ya tarar, ko ya kwaikwayi na kanti da ake shigowa da su daga Dubai da Sin? Ta yaya zai sami abin da maƙera ke kira hannu, wato irin aikin da ko ba a faɗa ba za a duba a ce wannan na wane ne?

Bari mu koma baya. Kogin Komadugu, wanda ruwansa ke tasowa tun daga ƙasar Kano da Bauchi, ya biyo ta Haɗeja da Jama'are, ya ratsa gefen Diffa ya faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso, bai zama iyakar ƙasa ba sai da Turawa suka zo. Kafin nan shi ne tsakiyar daular Barno. A kusa da gaɓarsa Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a rabin ƙarshe na ƙarni na 15, birnin ya yi sama da shekara ɗari uku yana hedkwata kafin ya faɗi a 1808 lokacin jihadi. Daga nan Shehu Laminu ya kafa Kukawa a 1814. Hanyar Sahara da ta taso daga Tarabulus ta biyo ta Murzuk da Kawar da Bilma, ta sauko Ngigmi, nan take ƙarewa. Ta wannan hanya ne murjani da duwatsun wuya da tagulla da kuɗin azurfa suka riƙa shigowa.

Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso Kukawa a 1851, ya tarar ana ciniki da gabaga, wato ƙyallen saƙi, da wuri wanda bai daɗe da shigowa Barno ba, da kuma dala. A ƙarshen 1852 ya biyo gaɓar Komadugu, ya tsaya a kufan Gazargamu, ya wuce Damagaram. Gustav Nachtigal da ya zo a 1870 shi ma ya tarar dala na da daraja a kasuwa. Da Faransawa suka kafu kuma, suka kawo nasu kuɗin azurfa na faran biyar mai nauyin giram 25, sunan dala ya koma kansa. Abin da ya sa ke nan har gobe dala ɗaya sefa biyar ce a Nijar.

A nan darasi na farko yake. Yankinmu ba shi da ramin haƙar azurfa da ya shahara. Abin da muke kira adon gargajiya, ƙarfensa baƙo ne, daga Turai ya fito a bayan raƙumi. Maƙeri ne ya mai da shi ɗan gida. Ya narka hoton sarauniyar wata ƙasa, ya fitar da abin da matar Manga za ta sa a kitsonta ta ji nata ne. Addini ma ya taimaka wajen ɗaukaka azurfa, tunda Musulunci ya hana maza sa zinari amma ya halatta musu zoben azurfa.

Darasi na biyu yana wajen masu saye. Kasuwannin wannan yanki, daga Maine Sorowa zuwa Ngigmi, ba kasuwar ƙabila ɗaya ba ce. Barebari na nan, Manga da Mobar, ga Fulani da Woɗaaɓe, ga Tubawa, ga Larabawa, ga Hausawa fatake. Kowa da irin adonsa. Matan Barno an san su da azurfa a kitso da ɗan murjani a hanci. Matan Woɗaaɓe suna jera manyan 'yan kunne a gefen kunne tun daga sama har ƙasa, a da kuma suna sa mundaye masu nauyi a ƙafa. Matan Tubawa suna da zoben hanci da na gashi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma maƙerin da ke zaune a irin wannan kasuwa dole ya iya kukan gidaje da yawa. Yau ya yi wa wannan, gobe ya gyara wa waccan abin da wani maƙeri ya ƙera a wata ƙasa. Duk abin da aka kawo gyara littafi ne: zai juya shi, ya ga yadda aka haɗa, ya ga inda ya karye da dalilin karyewarsa. Da haka zanen wannan gida ke shiga aikin wancan, ba tare da kowa ya zauna ya shirya ba.

A ƙasar Hausa an raba sana'ar gida biyu. Akwai maƙeran baƙi masu fartanya da garma da wuƙa, akwai maƙeran fari masu azurfa da tagulla da kayan ado. Philip Jaggar, wanda ya rubuta littafi kan maƙeran birnin Kano da ya fito a 1994, ya yi bayanin wannan rabuwa da tsarin Sarkin Maƙera. Ko a wane gida yaro ya shiga, hanyar koyo ɗaya ce. Zai fara da zuga-zugi da ɗauko gawayi. Daga nan a bar shi ya riƙe awartaki. Sai an jima kafin a miƙa masa magagari ya goge abin da maigidansa ya gama, sai an ƙara jimawa kafin ya zauna gaban uwar maƙera da guduma a hannu. Babu mai tambayarsa ra'ayinsa. Mai kallo daga waje zai ce ana ɓata wa yaron lokaci. Alhali a shekarun zugar nan ne idonsa ke koyon launin wuta, ya san lokacin da azurfa ta kusa narkewa, kunnensa ya rarrabe ƙarar ƙarfe mai kyau da wanda aka yi wa algus.

Malaman makarantar allo sun fi kowa gane wannan. Barno ta yi suna wajen rubutun Alƙur'ani, har akwai salon rubutu da ake kira Barnawi. Almajirai goma za su kwaikwayi hannun malami ɗaya, babu wanda ya yi niyyar saɓa masa. Duk da haka, bayan shekaru, malamin zai ɗauki takarda ya ce wannan rubutun wane ne. Hannu yana fitowa ne daga cikin kwaikwayo, a daidai wurin da yatsun mutum suka ƙi bin na malaminsa sak.

Misali mafi bayyana a Nijar shi ne na maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan. Kowa ya san abin wuyan nan da suke kira tanaghilt, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan kuros ɗin Agadas, har ya zama tambarin ƙasa. Yadda ake yin sa kaɗai ya isa darasi. Maƙeri zai siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya zube, sannan ya ɗura narkakkiyar azurfa a gurbin. In ta huce, sai an fasa yumɓun kafin a fitar da ita, a goge, a yi mata zane da hannu. Tunda an fasa mazubin, ba a sake amfani da shi. Siffar ta gado ce, amma babu guda biyu da suka zama ɗaya.

Mutane da yawa sun ɗauka jerin nan na kuros 21, kowanne da sunan gari ko yanki kamar Tawa da Damagaram da Ingal da Iferwan da Timiya da Bilma, tun fil azal haka yake. Wasu siffofin tsofaffi ne, gaskiya, amma tara su a jeri ɗaya a kan allo aiki ne na ƙarni na 20, kuma kasuwar baƙi ce ta ƙarfafa shi. Bayan rasuwar Mano Dayak a haɗarin jirgin sama a Disamban 1995, maƙera suka ƙirƙiro sabo da sunansa, ya shiga jerin. Mu da idonmu muka ga an haifi gargajiya.

Abin da ya tura inadan ga sabon salo wahala ce. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, ya kashe dabbobin manyan gidajen da maƙera ke yi wa aiki. Uban gida ya talauce, dole maƙeri ya shigo gari ya nemi wani mai saye. A Agadas ya haɗu da masu yawon buɗe ido. A Yamai ya sami rumfa a Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, yau ake kira da sunan Boubou Hama, daga baya kuma a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata. Zanen da a da ake yi wa takobi da sirdin raƙumi da laya ya koma kan cokali da maɓallin ɗamara da sababbin 'yan kunne. Wasu suka fara rubuta sunansu da haruffan Tifinag a bayan aikinsu. Kamfanin Hermès na Faransa ya sa maƙeran Abzinawa sun yi masa kawunan ɗamara na azurfa. A 2006 aka buɗe wani baje koli kan fasahar Abzinawa a Kalifoniya ta Amurka, wanda ya ba da babban fili ga aikin Saidi Oumba, maƙerin azurfa na Agadas, da na matarsa Andi Ouhoulou mai aikin fata. Sunan mutum ɗaya ya fito fili, amma da harshen zanen kakanninsa yake magana.

Sai dai labarin yana da gefensa mai ɗaci. Da tawaye ya sake ɓarkewa a arewa a 2007, aka kuma sace ma'aikata a Arlit a 2010, baƙi suka ɗauke ƙafa, maƙeran da suka dogara kacokan ga ɗan yawon buɗe ido suka shiga wani hali. Wanda ya manta da abin da matan garinsu ke so, ranar da baƙo ya daina zuwa sai wutarsa ta mutu.

Mu dawo gida. Tun harin da aka kai Diffa da Bosso ranar 6 ga Fabrairun 2015, yankin nan ya ga abin da ya gani. An sa dokar ta-ɓaci, an hana babur, an taƙaita cinikin kifi da na tattasai na tsawon lokaci, alhali kuɗin tattasan Komadugu na cikin abin da ke sayen kayan amarya. Dubban iyalai suka bar garuruwansu suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya. Adon mace dama asusunta ne, ranar wuya take sayar da shi. Duk tsohon awarwaron da aka auna a sikeli aka narka, zanensa ya tafi ke nan, ba wanda ya kwafe shi. Wannan hasara ce da ba ta shiga rahoton kowa.

Ga abin da nake ganin ya rage gare mu. Iyaye, mu daina kallon ƙira a matsayin sana'ar wanda boko ya ƙi. A wasu al'ummomin yankin nan, irin su Tubawa da Abzinawa, maƙera rukuni ne na daban da ba a cika auratayya da su ba, kuma ragowar wannan kallo yana sa yaro ya ji kunyar gadonsa, ɗan haye kuma ya ji tsoron shiga. In yaro ya shiga, a bar shi ya daɗe. Wata shida a cibiyar koyon sana'a za su ba shi takarda, hannu kuwa sai ya zauna gaban wanda ya fi shi shekaru da dama. Kada kuma mu tsawata masa ranar da ya karkata zane kaɗan daga na maigidansa, muddin ya riga ya iya na maigidan.

Malamai kuwa, akwai aikin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ku ce wa kowane ɗalibi ya je wurin kakarsa ko gwaggonsa, ya roƙi ta nuna masa tsohon adonta, ya zana shi a takarda, ya rubuta sunansa da harshen gidansu, da garin da aka ƙera shi, da lokacin da ake sa shi. Aji ɗaya a Diffa zai iya tara zanen Barebari da Fulani da Tubawa da Larabawa da Hausawa a littafi guda. A cikinsa akwai darasin tarihi, akwai na lissafin siffofi da awo, akwai na harshe. In da hali, a gayyato maƙerin unguwa ya kunna wuta a farfajiyar makaranta yara su ga yadda kaki ke zama azurfa.

Wataƙila cikin yara hamsin ɗaya ne zai ɗauki guduma. Ranar da ya zauna neman nasa hannun, gara ya tarar da littafin nan a gabansa, da ya tarar da hoton kayan Dubai kaɗai a wayar salula.