Masu Fito na Gulbin Rima da Amanar Hoto

Tun zamanin da Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a gaɓar Gulbin Rima, har zuwa faɗuwarta a hannun mujahidai a 1808, da kuma lokacin da Ɗan Halima ya fita daga Tsibiri ya gina Sabon Birni, marubuta tarihi sun kiyaye mana sunayen sarakuna da wuraren da aka yi artabu, amma masu fito, waɗanda da gora da kwalekwale suka riƙa ƙetarar da fatake da almajirai idan marka ta cika kogunan Bunsuru da Gagare a ƙasar Isa, alƙalami bai ba su haƙƙinsu ba.

Da sana'ar hoto ta iso waɗannan garuruwa, mai akwati da baƙin ƙyalle ya fi kafa ƙafafun na'urarsa a kasuwa ko ƙofar fada, domin abin da jama'a ke biya shi ne surar mutum cikin rigarsa ta salla, ga fim kuma da tsada, ba mai ɓata shi a kan jirgin talaka. Ana haka aka kammala madatsar Goronyo a 1984, al'amarin ruwa da na masu fito ya sauya, alhali shaidar yadda mashigai suke a da ta yi ƙaranci ƙwarai.

To, yanzu da Allah ya sa na'urar hoto cikin wayar kowane saurayi, wajibi ne ya san adabin aikin. Ya fita da hantsi ko la'asar sakaliya, sa'ad da haske ke kwantawa a kan ruwa. Ya daidaita gaɓar ƙetare kada ta karkace. Ya bar sarari a gaban jirgi wajen da ya nufa. Ya nemi izinin mai fito, ya bar hannunsa da gwangwalarsa su bayyana. Idan ya zo gyara, ya rage abin da ya yi yawa a gefe, amma kada ya mai da jan ruwan damina shuɗi, kada kuma ya ɓoye lodin da ya wuce ƙima, wanda ya sha halaka bayin Allah a gulbin nan. Hoto shaida ne, kuma jikokinmu da shi za su yi hukunci a kan yadda muka rayu.