Kuɗin Hannu: Tarihin Farashin Katin Gaisuwa a Kudancin Kano

Sule biyar aka ba ni a katin farko da na sayar. A Tudun Wadar Ɗankadai ne, ana jibi ƙaramar Sallah ta 1984, damina ta kankama. Na yanka farin kwali da reza, na ninka shi biyu, na zana masallaci mai hasumiya da jinjirin wata, na rubuta Barka da Sallah da jan biro. Sannan na shafa ƙaro a gefe, na barbaɗa ƙyalƙyalin da na daddatse daga takardar cikin kwalin sigari. Wani malamin firamare ya ɗauka, ya juya gaba da baya, ya ce, "Yaro, nawa?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ko nawa ka bayar, Malam." Wannan amsa ita ce ciwon sana'armu, kuma har yau ba ta warke ba.

Kafin zamaninmu babu kati a wannan yanki. Goro ne ke gayyata. Mai aurar da 'ya zai sayi ƙwarya ɗaya ko biyu, a bi gida-gida ana rabawa, ranar ɗaurin aure kuma sanƙira ya yi shela. Gaisuwar Sallah kuwa, zumunta a ƙafa take. Rubutun ado na malamai ne. Su ke ƙawata allon zayyana idan yaro ya sauke Alƙur'ani, su ke rubuta Mus'hafi da hannu, tun zamanin da fatake ke kawo takarda mai tambarin wata uku daga Italiya, ta Tarabulus, ta keto Sahara har Kasuwar Kurmi. Malami ba ya cewa "kuɗinsa kaza". Abin da aka ba shi sadaka ne ko goro, kuma mai bayarwa ya san kunya ce ya ba da kaɗan. Mu da muka zo daga baya mun gaji kawaicin malamai, amma ba mu gaji kwarjininsu ba. Shi ya sa aka riƙa ba mu kaɗan ɗin ba tare da an ji komai ba.

Abin da ya buɗe mana kasuwa shi ne boko. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yaran ƙauye, kuma kafin a shekara goma sun zama samari da 'yan mata masu son rubuta wa juna. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 ya tara ma'aikata baƙi a ƙasar Bebeji, ga 'yan hidimar ƙasa da ake turowa makarantu, ga ma'aikatan ma'adinai a Riruwai. A hannunsu muka fara ganin katin kanti. Asalin katin Kirsimeti na sayarwa daga Ingila yake: a 1843 wani mutumin Landan, Henry Cole, ya sa aka buga katin Kirsimeti guda 1,000, aka shafa musu launi da hannu, aka sayar da kowanne sule ɗaya. Na kantin Sabon Gari yana da tsada, hotunansa kuma dusar ƙanƙara ce da furannin da ba mu san sunansu ba. Namu kuwa Hausa yake ji, kuma sunan wadda za a kai wa yana jiki.

Kakar ciniki uku muke da ita. Akwai Sallah biyu, akwai lokacin jarrabawar fita sakandare da ake aika katin fatan nasara, sai kuma bayan girbi, lokacin da manoman shinkafar Tudun Wada da na masarar Doguwa suka sayar da amfani aka shiga bukukuwa. Da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano a farkon shekarun 1990, sai aka samu ta huɗu wadda ba ta da wata. Saurayi zai zo bayan isha'i, yana waige-waige, ya ce a zana masa zuciya da kibiya, kada kowa ya ji.

Lissafinmu na farko na yara ne. Falle ɗaya na kwali yana ba da kati takwas. Sai mu raba kuɗinsa gida takwas, mu ɗora ɗan abin biro da ambulan, mu ninka biyu, mu ce mun ci riba. Ba ma sa kuɗin motar zuwa Kano sayo kaya. Ba ma sa kananzir ɗin fitilar da muke kwana a gabanta, balle katin da hannu ya goce ya lalace. Ranar kasuwar Kwanar Ɗangora ko ta Kafin Maiyaki sai mu baza a kan tabarma mu danne da duwatsu. Mai saye ya taya, mu ce albarka sau ɗaya, a karo na biyu mu sallama don kada ya wuce.

Shekarar 1986 ce ta fara koya mana hankali. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar naira. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985, zuwa 1987 ta kai wajen naira huɗu. Kwali, maka da tawada duk daga waje suke zuwa, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku kuma suna ta ja da baya har suka durƙushe a shekarun 1990. Na sayar da katunan Babbar Sallah kaf, na shiga mota da murna. Da na isa Kano, uwa da riba gaba ɗaya ba su sayi yawan kwalin da na saya wata uku baya ba. A ranar na gane cewa ba da farashin jiya ake sayar da kaya ba, da farashin da za ka mayar da su gobe ne.

Darasi na biyu a Kiru na same shi, wurin wani dattijo mai zayyana da nake zuwa kallon aikinsa. Alƙalaminsa na kara ne, ya fiƙe shi da aska, kuma sai ya yi kwana uku a kan allo ɗaya, yana jan layi ba tare da abin awo ba. Na kai masa kukan rashin riba. Ya ce, "Ɗana, awa nawa kake yi a kati ɗaya?" Na ce biyu. Ya ce, "Ɗan ƙwadago a gonar shinkafa nawa yake tashi da shi daga hantsi zuwa azahar?" Na faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce, "To kai mai fartanya ya fi ka. Takarda a Kurmi ake sayenta, hannu kuwa babu rumfar da ake sayar da shi." Daga ranar na raba farashina kashi uku: kuɗin kaya a yadda suke yau, kuɗin zirga-zirga da asara, sai kuɗin hannu, wanda ba ya kasa ladan ɗan ƙwadago. Wasu masu saye suka gudu. Waɗanda suka tsaya su ne suka riƙe ni shekara da shekaru, don sun san araha ba ta ado.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne na gida. Wata gwaggona ta aiko a yi mata katin biki hamsin. Na yi kwana shida ina yi, yatsuna suka yi kanta. Da na kai, ta shafa kaina ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta sa aka dama mini fura. Albarkar na karɓa hannu biyu, amma bashin kwalin sai da na sayar da zakara na biya. Abin dariya shi ne, maganin wannan yana cikin harshenmu tun fil azal. Kuɗin da ake bayarwa kafin a fara aiki, kafin alƙalami ake ce masa, wato masu rubutu ne suka fara karɓarsa. Tun daga nan nake cewa, "Gwaggo, hannuna kyauta ne, amma a kawo na kwali." Ba a taɓa yin fushi da ni a kan haka ba.

Katin biki ne ya fara kuɓuce mana. Maɗaba'un Kano da Zariya, sannan shagunan kwamfuta, suna buga ɗari biyu a yini ɗaya. Su, yawan aiki ke sauko da farashi. Mu kuwa kati na hamsin wahalarsa ɗaya da na farko, har ma ya fi, don ido ya gaji. Waɗanda suka yi gasar araha da inji duk sun bar sana'ar. Sai wayar salula ta shigo a watan Agustan 2001. Da farko ba mu damu ba, don kira naira 50 ne a minti, sabis kuma bai haura dajin Falgore ba. Cikin 'yan shekaru saƙon tes ya cinye katin Sallah, daga baya WhatsApp ya zo ya kwashe na gayyata. Abokan sana'ata wasu suka koma rubuta allon shaguna, wasu zanen jikin manyan motoci, wasu gona.

Amma abin bai mutu ba, riga ya sauya. Yau 'yan mata a Bebeji da Tudun Wada suna yin kati mai suna da zare da duwatsun ado, a saka cikin akwatin lefe ko kyautar kamu, su tallata a Instagram, a biya su ta waya. Da gaisuwa ta zama kyauta a waya, sai abin hannu ya zama na musamman, kuma nan ne darajarsa take. Sai dai tarkon yana nan. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, amma na ga wata 'yar ƙanwata tana sayar da kati a farashin bara, wai kada ƙawaye su ce ta cika son kuɗi. Na tambaye ta awa nawa take yi a kan guda ɗaya. Ta ce ba ta taɓa ƙirgawa ba.

Ke 'yata, da duk mai wannan sana'a: ku ƙirga awanninku, ku tambayi farashin kwali na yau kafin ku buɗe baki, ku karɓi kafin alƙalami ko daga wurin wa. Idan aka ce "nawa?", ku ɗaga kai ku faɗi kuɗin. Mu mun ce "ko nawa ka bayar", kuma ko nawa ɗin aka ba mu.