Asalin Kalma: Inabi

Daga Larabci muka aro "inabi". Larabawa "inab" suke cewa, mu kuma muka ƙara wasali a ƙarshe, kamar yadda "zabib", busasshensa, ya koma "zabibi".

"Ruwan inabi" kuwa fuska biyu gare shi: matsattsen ruwa zalla, da kuma wanda aka tsima har ya zama giya. Wannan na biyun ne masu ɗanɗano a Faransa da Italiya suke duba launinsa, su shinshina, su kurɓa su tofar. Akwai ja, akwai fari. Jan yana samun launi ne daga ɓawon da aka bari ya jiƙa a ciki. Farin kuwa, tun farko ake raba shi da ɓawo.

Tunda sunan ya haɗa zalla da giya, mai karatu, ka karanta jikin kwalba kafin ka saya.