Daga Salaga Zuwa Abossey Okai: Abin Da Tarihin Fatauci Ke Koyarwa Game Da Yanke Shawara

Unguwar Abossey Okai da ke birnin Accra, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara, ta shahara a yau da kasuwar kayan gyaran mota. A gefenta kuwa Sabon Zango take, unguwar da Hausawa suka kafa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Wanda ya ɗauki littattafan tarihin wannan yanki da niyyar sanin asalin unguwanni, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da kansa yana nazarin wani ilimi dabam, wato yadda ɗan kasuwa ke yanke shawara a lokacin da hanyar da ya saba ci da ita ta toshe.

A ƙarni na 19 babban abin da ya haɗa ƙasar Hausa da wannan nahiya shi ne goro. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu, a yi watanni ana tafiya kafin a sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Can ake haɗuwa da goron da ya fito daga kurmin Asante. Paul Lovejoy ya yi bayanin wannan fatauci dalla-dalla a littafinsa Caravans of Kola na 1980. Abin lura a cikinsa shi ne cewa jarin bafatake ba ya ƙarewa a kan huhun goro. Akwai mai masauki, wanda zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi. Akwai kuma mai dukiya da ke zaune a gida, ya ba wani jari ya yi fatauci a raba riba, irin abin da littattafan fiƙihu ke kira mudaraba. Duk wannan a kan amana ya ginu, domin babu banki, babu takardar yarjejeniya da kotu za ta tilasta.

Sai ga shi a 1874 Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi. Ikon Asante a kan Gwanja ya yi rauni, goro ya fara bin wasu hanyoyi. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku. Cikinsu har da Alhaji Umaru, mashahurin malamin nan haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. A nan darasi na farko ya fito fili. Wanda dukiyarsa ta kasance gidan sauke baƙi ne a Salaga kawai, ya wayi gari da ɗakuna babu mai kwana. Wanda kuwa jarinsa sanin goro ne da sanin mutane, ya ɗauki abinsa a ka ya tafi inda kasuwa ta koma.

Rayuwar Alhassan Ɗantata ta ƙara fito da wannan ma'ana. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa da suka gaji fatauci. Bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta koma Accra da zama, wannan ne ya sa ya san bakin teku tun yana saurayi. A lokacin jirgin ƙasa ya haɗa Sekondi da Kumasi a 1903, jiragen ruwa kuma suna zirga-zirga zuwa Ikko. Goro kaya ne mai lalacewa, kowane mako da ya ƙara a hanya asara ce. Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara barin hanyar jakuna suka ɗora goro a jirgin ruwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, Turawa sun sa ran auduga za ta cika taragai, amma manoma suka auna wahala da farashi suka zaɓi gyaɗa. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za a ba kuɗi ya dawo da kaya ba. Fataken goro sun sani. Ɗantata ya juya yaransa da amanar da ya tara zuwa sayen gyaɗa, har ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano. Masu tarihinsa sun rawaito cewa da aka buɗe reshen banki a Kano a 1929, raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma abin da ya kamata a lura shi ne, kayan sayarwa kawai ya sauya, tsarin amanar yana nan yadda yake.

Wata shawarar ta daban ita ce ta Malam Bako, ɗan Malam Naino wanda ya zo Accra daga Katsina. Sa'ad da cunkoso da rigingimun shugabanci suka yi yawa a tsohon zango na tsakiyar gari, ya nemi fili a wajen sarakunan Ga a bayan gari, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kafa Sabon Zango, ya riƙa yanka wa mabiyansa filaye. Deborah Pellow ta rubuta tarihin unguwar a littafinta Landlords and Lodgers. Filin da a lokacin daji ne, yau yana tsakiyar birni. Idan aka jera wannan da labarin Salaga, za a ga ƙasa ta cuci wani ta kuma azurta wani. Bambancin shi ne Salaga ta dogara ga fataucin ayari, Accra kuwa ta zama hedikwatar mulki tun 1877, tana da tashar ruwa da ofisoshi da dalilai masu yawa na zuwan mutane.

Duk da haka mai karatu ya yi hattara, domin tarihi sunan wanda ya ci riba yake riƙewa. Fatake da yawa sun yi lissafi mai kyau amma kwari suka cinye goronsu, ko 'yan fashi suka tare ayarinsu. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Mutanen zango masu yawa, har da waɗanda aka haifa a can, suka karyar da gidaje da shaguna suka tafi. Ba wautarsu ce ta jawo ba. Saboda haka ba a auna kyawun shawara da sakamakonta kaɗai. Ana tambaya ne, da abin da mutum ya sani a ranar, shin ya bar wa kansa mafita idan al'amari ya juya? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan tambaya ba ta tsufa ba. Sunan kuɗin Gana, sidi, daga kalmar Akan ta wuri ya samo asali, wurin nan da darajarsa ta zube a ƙarni na 19 sa'ad da Turawa suka riƙa shigo da shi jirgi-jirgi. A 2022 dala ta tashi daga kimanin sidi 6 zuwa sama da 14, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Mai shago a Abossey Okai da dala yake sayo injin mota daga ƙasashen waje, da sidi yake sayarwa. A shekara irin ta 2022, idan ya lissafa riba a kan kuɗin da ya saya bara, littafinsa zai nuna ya ci, amma ran da ya je sake sayowa sai ya tarar kuɗin ba su kai rabin kaya ba. Bafataken da ya karɓi buhunan wuri a Salaga ya san wannan matsala tun kafin masana tattalin arziki su ba ta suna, shi ya sa yake gaggauta mayar da wurinsa goro kafin ya kama hanyar Kano.