Daga Allon Zayyana Zuwa Allon Kwamfuta

Da yawa daga cikin iyaye, idan suka ga yaro ya duƙufa a kan wasan bidiyo, wasan kaɗai suke gani. Ba sa tuna cewa kowane doki, kowace ganuwa da kowane gajimare da ke ciki wani ne ya zauna ya zana. Sana'a ce mai kayan aikinta da wahalarta, kuma duk wanda ya ga yadda ake yi wa allo zayyana a makarantun Umdurman ranar sauka, wadda Larabawan nan ke kira sharafa, ba zai ji tarihinta baƙo ba.

Tun farko ba a kan kwamfuta ake zanen ba. A Japan, lokacin da Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka na kamfanin Nintendo suke shirya Super Mario Bros., wanda ya fito a 1985, takarda ce mai gidaje-gidaje kamar na hatimi a gabansu. Mai zane ya cika gida bayan gida, sannan a miƙa wa masu tsara manhaja su mayar da shi lambobi. Na'urar ba ta ɗaukar guntun hoto sai mai ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, da launi uku kacal, don haka da guntaye ake harhaɗa kowane abu. Wasan gaba ɗaya bai wuce kilobait 40 ba, hoto ɗaya na wayar yau ya fi shi nauyi. Tsananin tattali ya kai ga gajimaren sama da ciyawar ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Irin wannan ƙunci ne tun a 1981 ya sa aka yi wa Mario gashin baki da hula, don babu gurbin zana baki ko suma. Mai zayyana ma haka yake aiki: faɗin allo ƙayyadadde, tawadar gawayi da ƙaro, ɗan ja da kore da ɗorawa, sai lissafin gidaje.

A nan Sudan, mutumin da ya fi nuna abin da ƙunci ke haifarwa shi ne Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan malamin makarantar Alƙur'ani. Bayan ya yi karatun zane a makarantar Slade ta Landan, ya dawo ya tarar mutanensa ba su damu da hotunan da ya kwaso salonsu daga Turai ba. Sai ya koma ga harafin Larabci da adon allo, shi da irin su Ahmed Shibrain, aka san su da Makarantar Hartum. A 1975 gwamnatin Numeiri ta tsare shi wata shida a kurkukun Kobar ba tare da shari'a ba. Da guntun fensir da yagaggun takardun buhun siminti ya riƙa zane yana binnewa a ƙasa. Daga nan ya samo salon gina babban hoto da ƙananan guntaye. Bai taɓa harkar wasan bidiyo ba, amma a ganina mai zanen wasa zai gane dabararsa tun kallon farko.

A waje kuwa kayan aiki sun yi ta sauyawa: Deluxe Paint a 1985, Photoshop a 1990, sai alƙalamin lantarki da allonsa, sai sassaƙa siffa a cikin kwamfuta a sa mata ƙashi don ta motsa. Aikin da mutum ɗaya ke yi ya rabu hannu-hannu.

Sai dai matashin Hartum bai samu waɗannan ta ƙofar gaba ba. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a Nuwamban 1997, wanda ba a ɗage ba sai Oktoban 2017, ya hana kamfanoninta sayar masa da manhaja, kuma ba shi da katin banki da zai biya ko a biya shi daga waje. Shekara 20 ke nan, tsawon ƙuruciyar mutum. Abin da ya rage masa shi ne kwafin bayan fage, ko manhajar kyauta irin Blender, wadda jama'a suka yi karo-karon Yuro 100,000 suka 'yanta a 2002. Ga ɗaukewar wuta, ga yanke intanet, kamar na Yunin 2019 da ya haura wata guda. Tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke a tsakiyar birnin, masu zane da dama sun watse zuwa Alƙahira, Nairobi da Kampala, wasu sun bar ayyukansu na shekaru a ɗakunan da aka wawashe.