Kisan Julia Wallace, 1931

Kisan Julia Wallace al'amari ne da ya auku a birnin Liverpool na ƙasar Ingila a daren Talata, 20 ga Janairu, 1931, wanda saboda shi aka tuhumi mijinta, William Herbert Wallace, ma'aikacin kamfanin inshora na Prudential, aka yanke masa hukuncin rataya, sa'an nan aka sallame shi. Kuma da yake marubuta ba su taɓa yin ittifaƙi a kansa ba, ya kyautu a rarrabe abin da ya tabbata daga abin da yake zato ne kurum.

Ran Litinin da dare wani ya buga tarho zuwa gidan shayin da Wallace yakan je wasan shaɗaranji, wato darar Turawa, ya ce sunansa R. M. Qualtrough, ya bar sallahu cewa Wallace ya same shi washegari da ƙarfe 7:30 a gida mai lamba 25, Menlove Gardens East, don maganar inshora. Wallace ya tafi a taragon lantarki, ya yi ta tambayar kwandastoci har da wani ɗan sanda, ya tarar akwai titi mai wannan suna na arewa da na kudu da na yamma, amma babu na gabas. Da ya komo gida wajen ƙarfe 8:45, maƙwabta na tsaye, sai ya iske matarsa kwance a falo an farfasa mata kai, rigarsa ta ruwa tana ƙarƙashinta rabi a ƙone, kuɗi kimanin fam 4 sun ɓace.

Hujjar masu ƙara ita ce an gano cewa daga wani ɗakin tarho aka yi kiran, wanda bai wuce yadi 400 daga gidan Wallace ba, saboda haka suka ce shi ne Qualtrough, ya sake murya don ya ƙaga wa kansa uzuri. Amma duk shari'ar a kan 'yan mintoci ta rataya, kuma a nan ne shubuha ta shigo. Yaron da ke kai madara ya fara gaya wa abokansa cewa ya ga Julia da ranta da ƙarfe 6:45, daga baya, bayan ya bi ta hannun 'yan sanda, lokacin ya ja baya zuwa wajen 6:30. Mu dai ruwayar farko muka fi rinjayarwa, domin ita ce ya faɗa tun ba wanda ke da bukata a bakinsa. An kuwa tabbatar Wallace yana cikin tarago da ƙarfe 7:06 a wuri mai nisa da gida, ga shi mutum mai shekara 52, ƙodarsa ɗaya, wanda sai a ce a ɗan wannan tsakani ya yi kisan, ya tsarkake jikinsa, ya ɓoye makami. Ba a sami jini a tufafinsa ba, ba a ga makamin ba. Likitan da ya duba gawa, Farfesa MacFall, da sandarewar gaɓoɓi kawai ya ƙiyasta lokacin mutuwa, ya kuma sauya ƙiyasin nasa.

Duk da cewa alƙali Wright ya karkata ga sallama, masu taya shi yanke hukunci sun ce Wallace ya yi laifi bayan shawarar sa'a guda, a watan Afrilu. A watan Mayu kotun ɗaukaka ƙara ta warware hukuncin bisa cewa shaidar ba ta kai ga yaƙini ba. Ba ta ce wani ne ya yi ba.

Daga baya Jonathan Goodman a littafinsa na 1969, da Roger Wilkes a shirin rediyo na 1981, sun karkata tuhuma ga wani tsohon abokin aikin Wallace, Richard Gordon Parry, amma shaidar da ta fi ƙarfi a kansa ta fito ne bayan shekara hamsin, Parry kuwa ya riga ya mutu a 1980, kuma yana da masu shaidar inda yake a daren. James Murphy a 2001 ya komar da zargi kan mijin, ya kuma gano cewa shekarun Julia 69 ne, ta girmi mijinta nesa.

Wallace ya ƙaura zuwa Bromborough domin gujewa tsangwamar mutane, ciwon ƙoda ya kashe shi ran 26 ga Fabrairu, 1933. Ba a sake gurfanar da kowa ba.